Takardun Boston: Yadda Cocin Katolika Ya Bi da Lamarin Fada John Geoghan

A ranar 7 ga Disamba 1984 wani mataimakin bishop a birnin Boston na jihar Massachusetts da ke Amurka, mai suna John D'Arcy, ya rubuta wa shugabansa, Babban Bishop Bernard Law, wasiƙa yana nuna rashin amincewa da tura Fada John Geoghan zuwa majami'ar St. Julia da ke garin Weston. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce limamin yana da tarihin lalata da ƙananan yara maza, ya kuma yi gargaɗi cewa idan wani abu ya auku a sabuwar majami'ar, mabiya za su tabbata a ransu cewa dayosis ɗin, wato hukumar cocin yankin da ke ƙarƙashin bishop, bai damu da su ba, limamai masu matsala kawai yake turo musu. Shawararsa ita ce a taƙaita aikin Geoghan zuwa ranakun ƙarshen mako, a kuma ci gaba da yi masa magani. Ba a bi shawarar ba. Bayan watanni kaɗan aka naɗa D'Arcy bishop na wani dayosis a jihar Indiana, shi kuwa Geoghan ya ci gaba da zama a Weston har zuwa 1993.

Masu lalata da yara ba su keɓanta da addini ɗaya ko sana'a ɗaya ba, ana samunsu a makarantu da gidajen marayu da wuraren ibada iri-iri, har ma da cikin iyali. Abin da ya sa lamarin Boston ya cancanci a zauna a yi nazarinsa shi ne hukumar cocin ta rubuta kusan duk abin da ta sani, ta adana shi a kabad, sannan daga baya kotu ta tilasta mata fito da shi. Saboda haka mai nazari ba ya bukatar ya yi hasashe game da zukatan shugabannin, domin yana iya ganin abin da aka gaya musu a rana kaza da matakin da suka ɗauka washegari. Takardun sun nuna cewa rashin sani bai taɓa zama matsalar Boston ba, kuma babu wani gyara mai ma'ana da aka yi sai da sirrin ya kuɓuce daga hannun masu riƙe da shi.

A tsarin cocin Katolika, bishop ne ke da ikon tura limami majami'a da ɗauke shi daga cikinta, kuma babu wanda ke gaba da shi sai Fafaroma. Taron bishop-bishop na ƙasa ba shi da hurumin hukunta ɗaya daga cikin membobinsa. Dokar cocin ta kuma tanadi cewa kowane dayosis ya mallaki ma'ajiyar takardun sirri wadda bishop kaɗai ke riƙe da makullinta, inda ake ajiye bayanan laifuffukan da suka shafi ɗabi'a. Wannan doka dai ta daɗe da ayyana lalata da ƙaramin yaro a matsayin laifin da zai iya kai limami ga rasa muƙaminsa, domin kundin 1917 ya ambace shi, na 1983 ma ya maimaita. Ke nan hukuncin yana nan a rubuce, zartar da shi ne ba a yi ba.

An haifi Geoghan a 1935, aka naɗa shi limami a 1962. Tun yana makarantar horar da limamai, a 1954, shugaban makarantar ya rubuta cewa yana da ƙuruciyar hali mai tsanani, amma wani kawunsa da ke da babban matsayi a cocin ya tsaya masa. Majami'arsa ta farko tana garin Saugus, kuma shi da bakinsa ya amsa a 1995 cewa ya lalata yara huɗu a can. Daga nan aka kai shi Concord, sai Hingham, inda wani ƙorafi ya sa aka tura shi wani asibitin masu taɓin hankali a Baltimore, ya dawo ya ci gaba da aiki. A 1974 aka mayar da shi majami'ar St. Andrew a unguwar Jamaica Plain ta Boston. Salonsa bai canza ba a duk inda ya je: yakan nemi gidajen talakawa, musamman inda uwa ke fama da tarin yara babu uba a kusa, ya riƙa kai ziyara, ya fita da yaran shan askirim, ya kuma nemi a bar shi ya yi musu addu'ar kwanciya barci a ɗakinsu. Ga macen da ta tashi tana ganin limami a matsayin wakilin Allah, zuwan Fada gidanta alfarma ce da za ta ba makwabta labari.

A Jamaica Plain ne ya shiga gidan wata mata da ke riƙon 'ya'yanta da kuma 'ya'yan wata 'yar'uwarta, ya yi kusan shekara biyu yana zuwa kusan kowane dare, ya lalata yara maza bakwai na wannan dangi. Da asirin ya tonu a farkon 1980, matar ta kai kuka wurin limamin wata majami'a da ke kusa, aka tuntuɓi Geoghan, ya amsa ba tare da musu ba, kuma bayanin da aka rubuta a ofishin dayosis ya nuna cewa bai ɗauki abin a matsayin babbar matsala ba. Bisa shaidar da matar ta bayar daga baya, limamin da ta kai wa kukan ya dawo gidanta yana roƙonta kada ta fallasa, yana tuna mata shekarun da Geoghan ya kwashe yana karatun limanci da abin da zai rasa idan magana ta fita. Ba a sanar da 'yan sanda ba. Kadinal Humberto Medeiros, wanda ke shugabancin dayosis ɗin a lokacin, ya ba shi hutun rashin lafiya, kuma a 1981 ya tura shi majami'ar St. Brendan a unguwar Dorchester ba tare da an gaya wa jama'ar wurin komai ba.

A 1982 dangin suka sake ganinsa da wani yaro a shagon askirim, suka je suka gana da Bishop Thomas Daily, sannan wata gwaggon yaran, mace mai riƙo da addini ƙwarai, ta rubuta wa Kadinal Medeiros doguwar wasiƙa. A ciki ta ce an ba su shawarar su yi shiru wai don a kare yaran, kuma ba ta son ta sake jin wannan magana domin raina musu hankali ne. Amsar Kadinal ta karkata ga rahamar Ubangiji da yadda Allah ke gafarta wa masu zunubi. A wannan shekarar dayosis ya tura Geoghan birnin Rum na wata biyu domin wani kwas na limamai, ya dawo Dorchester ya ci gaba da hulɗa da yara. Wannan musayar wasiƙu ta fito da zuciyar matsalar fili, domin matar tana maganar laifi da doka da yaran da ke cikin haɗari gobe, shugaban kuwa yana maganar zunubi da tuba da ɗan'uwansa limami da ya yi tuntuɓe.

Medeiros ya rasu a 1983, Bernard Law ya gaje shi a Maris 1984. Law ba ƙaramin mutum ba ne, kuma adalci ne a faɗi haka. Ya yi karatu a jami'ar Harvard, ya fara limanci a jihar Mississippi a shekarun 1960 inda ya yi amfani da jaridar dayosis wajen goyon bayan 'yancin baƙaƙen fata har aka yi masa barazanar kisa, kuma a 1985 Fafaroma John Paul na Biyu ya naɗa shi kadinal. Shi ne ke jagorantar mabiya kimanin miliyan biyu a birnin da gwamnoni da alƙalai da shugabannin 'yan sanda da yawa 'yan Katolika ne. A Satumba 1984 gwaggon nan ta sake rubutawa, wannan karon ga Law, tana cewa har yanzu ana ganin Geoghan da yara. Law ya ɗauke shi daga Dorchester a cikin watan, amma a Nuwamba ya tura shi Weston, inda aka danƙa masa kula da ƙungiyoyin matasa har da yaran da ke hidima a gaban bagade, wato dai an ba kura ajiyar nama. Ƙararrakin da aka shigar daga baya sun zarge shi da lalata aƙalla ƙarin yara 30 bayan wannan sauyin wurin aiki.

Hujjar da Law ya fi dogara da ita bayan abin ya fashe ita ce likitoci sun tabbatar masa cewa Geoghan ya warke. Lallai akwai takardun likitoci, sai dai ɗaya daga cikin waɗanda suka wanke shi a farkon shekarun 1980 likitan iyali ne kuma abokin gidansu, ba shi da horo a fannin ƙwaƙwalwa, ɗayan kuma likitan ƙwaƙwalwa ne da ba shi da ƙwarewa kan masu lalata da yara. A 1989, bayan wasu sababbin ƙorafe-ƙorafe, an kai shi cibiyar St. Luke da ke jihar Maryland, wadda ta bayyana shi a matsayin mai sha'awar ƙananan yara kuma mai babban haɗarin maimaitawa. Bishop Robert Banks ya rubuta da hannunsa cewa wani likita ya gargaɗe shi a rage wa Geoghan fiffike kafin abin ya fashe, kuma bai kamata a bar shi a majami'a ba. Maimakon a tsaya a nan, sai aka kai shi wata cibiyar a Hartford ta jihar Connecticut, ya yi wata uku, aka samo rahoto mai sassauci, aka mayar da shi St. Julia kafin shekarar ta ƙare. Wanda ya karanta jerin takardun zai ga cewa ba ra'ayin likitoci ake bi ba, ana zaɓen ra'ayin da ya dace da abin da aka riga aka yanke ne.

Sai a 1993 aka raba shi da aikin majami'a, aka ba shi ofis a gidan tsofaffin limamai da ke tsakiyar Boston, kuma zarge-zarge ba su tsaya ba. Da aka yi masa ritaya a Disamba 1996, Law ya rubuta masa cewa rayuwarsa ta hidima ta yi albarka, sai dai rashin lafiya ya rage mata armashi, ya gode masa a madadin waɗanda ya yi wa hidima, ya rufe da sa masa albarka da sunan da abokai ke kiransa, Jack. Babu wata wasiƙa mai irin wannan taushi da aka gani an rubuta wa uwar yaran Jamaica Plain. A 1998 aka tuɓe shi daga limanci gaba ɗaya, shekara 18 bayan ya amsa laifinsa a kan yara bakwai. Mutane fiye da 130 ne suka fito suka ce ya ci zarafinsu.

Masu kare shugabannin sukan ce a wancan zamani ba a fahimci girman wannan cuta ba. Maganar tana da ɗan ƙamshin gaskiya idan ana batun shekarun 1960, amma ba ta da makama bayan 1985. A wannan shekarar aka ɗaure Fada Gilbert Gauthe a jihar Louisiana saboda lalata da yara da dama, labarin ya karaɗe ƙasar, kuma mutum uku, wato Fada Thomas Doyle masanin dokar coci da ke aiki a ofishin jakadancin Batikan a Washington, da lauya Ray Mouton, da Fada Michael Peterson wanda likitan ƙwaƙwalwa ne, suka rubuta wa bishop-bishop na Amurka rahoto suna gargaɗin cewa masu wannan hali ba su cika warkewa ba, kuma diyya za ta iya cin dala biliyan ɗaya cikin shekara goma. An ajiye rahoton a gefe. A 1992 lamarin James Porter ya fashe a dayosis na Fall River da ke makwabtaka da Boston, kuma a shekara mai zuwa ya amsa laifin cin zarafin yara 28. Martanin Law a lokacin shi ne ya roƙi ikon Allah ya sauka a kan kafofin watsa labarai, musamman jaridar Boston Globe, saboda yadda suke yayata labarin. A 1993 ya fito da wata manufa ta dayosis tare da kwamitin duba ƙorafi, amma manufar ba ta wajabta kai rahoto ga hukuma ba.

Ba cocin kaɗai ya gina katangar shirun ba, kuma wannan ne ɓangaren da aka fi saurin mantawa. Dokar Massachusetts ta ƙayyade diyyar da za a iya karɓa daga ƙungiyar agaji ko ta addini a kan dala 20,000, saboda haka lauyan wanda aka zalunta yakan ga cewa sulhu a asirce ya fi zuwa kotu riba, ya karɓi kasonsa, wanda aka zalunta ya sa hannu a kan alkawarin ba zai yi magana ba. A 'yan ƙararrakin da suka kai kotu, alƙalai sun sha amincewa a rufe takardun. Dokar da ta wajabta wa malaman makaranta da likitoci kai rahoton cin zarafin yaro ba ta haɗa da limamai ba. Ga kuma wa'adin shigar da ƙara, wanda sau da yawa yakan ƙare kafin yaron da aka lalata yana ɗan shekara 11 ya samu ƙarfin halin buɗe baki, abin da kan ɗauki shekara 20 ko 30. Iyaye da yawa ma da kansu suka zaɓi shiru, wasu don kunya, wasu don gudun a ce sun tozarta addininsu. A kan Geoghan kaɗai dayosis ya biya fiye da dala miliyan 10 wajen sasanta ƙararraki kimanin 50 kafin 2002.

Wanda ya fara huda katangar wani lauya ne mai suna Mitchell Garabedian, da ke wakiltar mutum fiye da 80, wanda ya kauce wa ƙa'idar dala 20,000 ta hanyar kai ƙarar Law da mataimakansa a matsayinsu na ɗaiɗaikun mutane. A Yuni 2001 Law ya amsa a wata takardar kotu cewa an sanar da shi zargin a Satumba 1984, wato kafin ya tura Geoghan Weston. Kristen Lombardi ta jaridar mako-mako ta Boston Phoenix ta riga ta yi rubutu a kan lamarin a farkon wannan shekara. A Yuli sabon editan Boston Globe, Martin Baron, baƙo a birnin kuma ba ɗan Katolika ba, ya karanta a shafin sharhi na jaridar cewa an rufe takardun shari'ar, sai ya tambayi dalilin da ya hana jaridar neman kotu ta buɗe su. Ya ɗora aikin a kan sashen bincike da Walter Robinson ke jagoranta, tare da Michael Rezendes da Sacha Pfeiffer da Matt Carroll. Wata dabara da ta yi musu amfani ita ce bin kundin sunayen limamai da dayosis ke bugawa kowace shekara, suna fitar da waɗanda aka rubuta suna hutun rashin lafiya ko suna jiran wurin aiki, sai ga sunayen waɗanda ake zargi suna ta dacewa da jerin. A Nuwamba 2001 Mai shari'a Constance Sweeney, wadda ita kanta ta yi makarantun Katolika, ta yanke hukuncin a buɗe takardun.

Labarin farko ya fito ranar 6 ga Janairu 2002. Bayan kwana uku Law ya kira taron manema labarai ya nemi gafara, ya ce hukuncin da ya yanke a baya kuskure ne mai muni, ya kuma tabbatar wa jama'a cewa a saninsa babu wani limami mai irin wannan tarihi da ke bakin aiki. Cikin makonni kaɗan dayosis ya dakatar da limamai takwas da ke bakin aiki. A cikin watan Janairun ne kotu ta samu Geoghan da laifin taɓa jikin wani yaro ɗan shekara 10 a wurin ninƙaya a 1991, aka kuma saki shafi kimanin 10,000 na takardunsa, sannan a Fabrairu aka yanke masa shekara 9 zuwa 10. A ƙarshen Janairu jaridar Boston Globe ta bayyana cewa cikin shekara goma dayosis ya sasanta zarge-zarge a asirce a kan limamai aƙalla 70. Daga nan magana ta tashi daga kan mutum ɗaya ta koma kan tsari.

Takardun Fada Paul Shanley da suka fito a Afrilu sun fi na Geoghan tayar da hankali ta wata fuska. Shanley sananne ne a matsayin limamin matasan da suka gudu daga gida, kuma tun shekarun 1970 an kai wa dayosis rahoton cewa yana kare hulɗar jima'i tsakanin manya da yara a bainar jama'a. Duk da haka Law ya ba shi shugabancin majami'a a garin Newton, kuma da zai koma California a 1990, Bishop Banks ya rubuta wa dayosis na San Bernardino cewa limami ne mai kyakkyawan matsayi. An kama shi a San Diego a Mayu 2002, aka ɗaure shi a 2005.

A ƙarshen Afrilu Fafaroma ya kira kadinal-kadinal na Amurka zuwa Batikan, ya ce wannan aiki laifi ne a idon al'umma kuma mummunan zunubi a wurin Allah, sannan babu gurbi a limanci ga mai cutar da yara. A Yuni bishop-bishop na ƙasar suka taru a Dallas suka amince, da ƙuri'a 239 a kan 13, da wata yarjejeniya da ta tanadi cire limami daga hidima har abada idan aka tabbatar da laifi ko da sau ɗaya ne, da kai rahoto ga hukuma, da daina sulhun sirri sai idan wanda aka zalunta ne ya nema, da kafa kwamitin 'yan majami'a a kowane dayosis. A makon taron jaridar Dallas Morning News ta buga bincike da ya nuna cewa kimanin kashi biyu cikin uku na shugabannin dayosis-dayosis sun taɓa barin limamin da ake zargi ya ci gaba da aiki. Hukuncin yarjejeniyar kuwa ya tsaya a kan limamai da dikinoni masu taimaka musu, bai ambaci bishop ba.

A Boston kuwa tura ta kai bango. A Mayu majalisar kuɗi ta dayosis ta warware sulhun da aka ƙulla da mutum 86 da Geoghan ya zalunta, daga baya aka sasanta a kan dala miliyan 10, ƙasa da abin da aka fara alkawari. A cikin watan Law ya ba da bahasi bisa rantsuwa, ya ce ba ya tuna karanta wasiƙar 1984, alhali ya amsa cewa rubutunsa ne a jikin ambulan, inda ya umarci Bishop Daily ya bi lamarin da gaggawa. Wata ƙungiyar mabiya mai suna Voice of the Faithful, wadda ta fara da 'yan mutane a ɗakin ƙasa na wata majami'a a Wellesley, ta tara mutum kimanin 4,000 a taronta na Yuli, kuma mutane da yawa suka daina ba da gudummawa ga asusun Kadinal. A farkon Disamba wasu takardun suka fito da labarin limamin da ya yaudari 'yan mata masu shirin zaman zuhudu da wanda aka zarga da ba matasa hodar ibilis. Limamai 58 na dayosis ɗin suka sa hannu a wasiƙar neman Law ya sauka, abin da ba a saba gani ba a cocin da limami ke yi wa bishop alkawarin biyayya ranar naɗinsa. Ranar 13 ga Disamba 2002 Fafaroma ya karɓi murabus ɗinsa.

Babban lauyan jihar, Thomas Reilly, ya fitar da rahoton bincikensa na wata 16 a Yuli 2003. Takardun dayosis da kansu sun nuna mutum 789 da suka kai ƙorafi tun daga 1940 a kan limamai 237 da wasu ma'aikata 13, kuma ya ce adadin gaskiya zai iya haura 1,000. Ya ɗora alhakin a kan shugabannin da suka fifita sunan coci a kan lafiyar yara, amma ya ce ba zai iya gurfanar da kowa ba domin a lokacin da suka aikata babu dokar jiha da ta hukunta irin wannan sakaci. Sai a 2002 majalisar jihar ta sa limamai cikin waɗanda wajibi ne su kai rahoto. A jihar New Hampshire mai makwabtaka, inda dokar kare yara ta fi faɗi, dayosis na Manchester ya sa hannu a Disamba 2002 a kan takardar amsa cewa gwamnati na da hujjar da za ta iya kai ga samunsa da laifi.

Seán O'Malley, ɗan ƙungiyar zuhudu ta Capuchin, ya karɓi ragama a ƙarshen Yuli 2003, ya ƙi zama a katafaren gidan kadinal da ke Brighton, kuma cikin makonni shida ya sasanta da mutum 552 a kan dala miliyan 85. Don a biya bashin, an sayar wa jami'ar Boston College gidan da filayen da ke kewaye da shi a kan kusan dala miliyan 100. A 2004 aka sanar da rufe majami'u 65 daga cikin 357, kuma ko da yake O'Malley ya dage cewa ƙarancin limamai da na masu ibada ne dalili, mabiya da yawa ba su gamsu ba, har wasu suka shekara da shekaru suna zaman dirshan a cikin majami'unsu. Geoghan bai ga wannan ba, domin a ranar 23 ga Agusta 2003 wani fursuna mai ɗaurin rai da rai ya shaƙe shi har lahira a gidan yari, kuma da yake ya mutu ƙarar da ya ɗaukaka tana gaban kotu, dokar jihar ta lokacin ta sa aka soke hukuncin da aka yanke masa.

Binciken da kwalejin John Jay ta New York ta yi wa bishop-bishop ɗin a 2004 ya gano cewa daga 1950 zuwa 2002 mutum 10,667 sun zargi limamai 4,392, wato kimanin kashi 4 cikin 100 na waɗanda suka yi hidima a wannan tsawon lokaci, kuma kashi 81 na waɗanda aka zalunta maza ne. Alƙaluman sun nuna cewa mafi yawan limamai ba su da hannu, sun kuma nuna cewa limamai 149 kacal ne ke da alhakin fiye da rubu'in zarge-zargen, wanda ke nufin da an tsayar da irin su Geoghan a ƙorafin farko, da dubban yara sun tsira. Yarjejeniyar Dallas ta kawo sauyi na gaske, domin yanzu ana tantance tarihin duk mai aiki da yara, ana horar da su, kuma sababbin zarge-zarge sun ragu ƙwarai. Tana da masu suka ta ɗaya gefen ma, waɗanda ke cewa ana dakatar da limami da zargi kawai, kuma a Boston ɗin an zargi wani babban masanin dokar coci a 2002 sannan aka janye ƙarar aka mayar da shi aiki.

Su kuwa waɗanda suka sa hannu a takardun sauyin wurin aiki, ga yadda ta kaya da su. Daily ya zama bishop na Brooklyn, Banks na Green Bay, John McCormack na Manchester, William Murphy na Rockville Centre, Alfred Hughes kuma babban bishop na New Orleans, kuma kowannensu ya riƙe kujerarsa har lokacin ritaya. A Mayu 2004 aka naɗa Law shugaban majami'ar Santa Maria Maggiore, ɗaya daga cikin manyan majami'u huɗu na birnin Rum, ya ci gaba da zama a majalisar da ke ba Fafaroma shawara kan naɗin bishop-bishop, ya jagoranci ɗaya daga cikin addu'o'in makokin John Paul na Biyu a 2005, kuma da ya rasu a Disamba 2017 a majami'ar St. Peter aka yi jana'izarsa. Bishop na farko da kotu ta samu da laifin ƙin kai rahoto a Amurka shi ne Robert Finn na Kansas City a 2012, shi ma sai a 2015 ya bar kujerarsa.

Giɓin da aka bari a Dallas ya dawo a 2018, lokacin da binciken kotu a jihar Pennsylvania ya lissafa limamai fiye da 300 da yara fiye da 1,000 a dayosis shida, kuma Kadinal Theodore McCarrick, wanda ya kasance cikin masu tallata yarjejeniyar ga manema labarai a 2002, shi kansa aka tuɓe shi a Fabrairu 2019 saboda lalata da yara da manya. A taron da Fafaroma Francis ya kira a Batikan cikin wannan watan, Sista Veronica Openibo, 'yar Najeriya, ta ƙaryata masu cewa matsalar ta Turawa ce kaɗai, ta ce ta yi shekara tara tana aikin wayar da kai a faɗin Najeriya kuma ta saurari waɗanda abin ya shafa. A Mayu 2019 Francis ya fitar da doka da ta wajabta wa limamai da masu zuhudu kai rahoton cin zarafi da na rufa-rufa, har idan bishop ne ake zargi, a Disamba kuma ya cire irin waɗannan shari'o'i daga ƙarƙashin sirrin fadar Fafaroma. Sai dai rahoton da dokar ta wajabta ga hukumar coci ake kai shi, batun 'yan sanda kuma an bar shi ga dokar kowace ƙasa. Binciken bishop ɗin da ake zargi, bayan Batikan ta ba da izini, a ƙa'ida yana hannun babban bishop na lardinsa. Dayosis na Manchester yana ƙarƙashin lardin Boston, saboda haka da wannan doka tana aiki a farkon 2002, ƙorafi a kan McCormack, wanda ya yi shekara goma yana kula wa Law da lamuran limamai, da a teburin Law zai sauka.